Alluna Sha Tara, Hannu Guda

Ni mace ce mai zafin rai, ban taɓa ɓoye wannan ba. Kakata jaji ce, irin matan nan da ke bin gidaje suna koya wa mata addini. Ita ta koya mini ajami, ta kuma bar mini gadon faɗa. Boko kuwa wurin ƙanena na tsince shi, lokacin da aka kama shi aka sa makarantar Turawa, yana kuka ina leƙen littafinsa. Da mijina ya rasu na fita takaba, sai ga ni da abin da mata kaɗan ke da shi a Sakkwato ta wancan zamani: ina karanta rubutu iri biyu, kuma babu mai hana ni fita.

Shi ya sa wata Baturiya mai ba da magani ta neme ni. Ta ce akwai ƙungiyar wasu mata masu taimako a ƙasarsu, sun yarda su riƙa aiko da gudummawa a koya wa matan kulle karatu da kula da lafiyar yara. Za su aiko da allunan dutse masu katako a gefe, da alli, da sabulu, da maganin ciwon ido, da ɗan abin da zan riƙe kaina. Sharaɗinsu ɗaya ne: kowace shekara wani nasu ya gani da idonsa cewa ana karatun. In ba a gani ba, an yanke.

Wurin zama shi ne wahala. Na sha yawo kafin wani dillalin shanu, dattijo marar yawan magana, ya ba ni shigifar gidansa, ɗakin nan da ke tsakanin filin ƙofar gida da wajen mata. Mahauta da 'yan tireda na unguwar sun yarda da shi, in ya ce a bar mata su zo, za a bari. Ranar da ya ba ni ɗakin ya dube ni ya ce, "Malama, ɗaki na ba ki. Amma namijin da ba muharrami ba, baƙi ko ja, ba shi ɗora ido bisa matan ga. Ran da anka yi haka, ranan nan an tashi."

Na ce, "Maigida, na ɗauka. Allah shi ne shaida."

Shekara biyu lafiya lau. Baturiyar ce ke zuwa dubawa, mace ce, ta cire takalmi ta shiga ta zauna a tabarma. Mata sha tara nake da su. A cikinsu akwai wata matar mahauci, siririya, wadda hannunta ya fi nawa kyau, ba na jin kunyar faɗa. Akwai kuma Inna, uwar maigidan, tsohuwa tukuf, wadda ta shigo don ta sa ido a kanmu, ta ƙare da allo a cinya. Idanun yaran unguwar da ke kwana a manne da kwantsa suka washe. Na fara jin kaina, wallahi, har tafiyata ta sake.

Sai zazzaɓi ya kama Baturiyar, aka mai da ita ƙasarsu. Ana cikin bazara saƙo ya zo cewa wani Bature ne zai duba a madadinta, namiji.

Na yi kwana uku ina kai da komo tsakanin bariki, mazaunin Turawa, da gidan dillali. Daga ƙarshe aka tsaya a kan dabara: Bature zai zauna a filin ƙofar gida, mata na cikin shigifa bayan asabari. Zai faɗi abin da za a rubuta, kowace ta rubuta, a turo alluna ta ƙarƙashi. Ni kuma in tsaya waje, kada a ce na taya su. Na ɗauka maigida zai ƙi, sai ya ce, "To. Asabari dai ba shi motsi."

Makon da ya rage, na zama abin tsoro. Tun hantsi har azahar nake bi a kansu. Wadda ta karkata layi in daka mata tsawa, wadda ta manta harafi in tuna mata da gidan ubanta. Na ce, "Ku ji ni da kyau. Duk wadda tay yi min rubutu kamar tahiyar kaza gaban Bature, ba ni ba ita har abada. Kada wadda ta kunyata ni!" Ana jibi zai zo, Inna ta miƙo mini allonta tana murmushi, haruffan sun yi ta hawa da gangara. Na karɓa, a gaban surukanta da jikokinta, na goge da gefen zanena na ce, "Inna, wanga in an nuna ma Bature, dariya za a yi muna." Ta karɓi allon ta kife a cinya, ni kuma na wuce kan ta gaba.

Ranar ta zo da zafi mai tsanani. Baturen saurayi ne, fuskarsa ta yi jawur, gumi ya jiƙa masa baya. Tare da shi akwai tafinta, Bakano, mai bakin tsiya. Ina gaishe su tafintan ya kwaikwayi Sakkwatancina yana dariya, na haɗiye don ba ranar faɗa ba ce. Maigida ya shimfiɗa buzu a inuwar katanga ya zauna da tazbi.

Baturen ya fara da takalman da ke jere a bakin shigifa, yana ƙirgawa da sandarsa. Na ji daɗi. Sai tafinta ya ce, "Ya ce takalmi ana aronsa." Na ce a raina, kai ma ana aron irinka.

Aka faɗi abin rubutawa, daga cikin darasinmu ne: a tafasa ruwa kafin a ba yaro. Tafinta ya faɗa da ƙarfi sau biyu. Na ji alli ya fara ƙara a ciki. Can ƙarar ta tsaya, sai raɗa, sai motsin zannuwa. Aka daɗe. Baturen ya ciro agogo ya duba, ya mayar, ya sake cirowa. Ina tsaye jikin asabari ina cizon leɓe, ba halin in leƙa.

Allo na farko ya fito. Kai, madalla! Layi a miƙe, haruffa tsaf. Na biyu ma haka, na uku ma. Ina ɗauka ina miƙawa ina ɗaga kai. Wajen na bakwai ne na fara zargin wani abu. Baturen ya dinga jera su a ƙasa, ɗaya kusa da ɗaya, har sha tara. Ya tsuguna ya bi su da yatsa. Ko makaho ya shafa zai gane, hannu ɗaya ne ya rubuta su duka, kuma na san hannun. Na matar mahaucin nan ne.

Tafinta ya daina dariya. Ya ce, "Malama, ya ce mace ɗaya ce a ɗakin nan, da takalma sha tara."

Na ce, "Ranka shi daɗe, suna ciki, wallahi suna ciki! A sake hwaɗin wani abu su rubuta."

"Ya ce mai hannun nan za ta iya karkata shi sau goma sha takwas."

Na juya ga asabari na ce su yi magana ɗaya bayan ɗaya, ko sallama ce. Shiru. Wace matar aure ce za ta ɗaga murya baƙon namiji na ji, maigida na zaune? Sai na tuna da Inna. Ita ta wuce kulle, kasuwa ma tana zuwa. Na ce, "Inna, don Allah hito ki rubuta mai ko kalma guda." Na kira sau uku. Ko tari ba ta yi ba.

Baturen ya yi magana a hankali, ba da faɗa ba. Tafinta ya ce, "Ya ce ba ya son ya kashe muku aji. Ki ɗaga asabarin kaɗan, ƙiftawar ido, ya ga kawuna ya tafi. Su rufe fuska ma in sun so."

Ba zan yi ƙarya ba, hannuna ya kai ga asabarin. Na ji kaushinsa a tafina. Na tuna da maganin ido, na tuna da yaran. Ƙiftawar ido kawai. Na dubi maigida. Bai ɗago ba, amma tazbin ya tsaya cak a hannunsa. Na saki asabarin, na juya na tare ƙofar da jikina.

Na ce, "Hwaɗa mai na yi alkawali. Ba ni ɗagawa."

Baturen ya dube ni ya daɗe, ya rubuta wani abu a ɗan littafinsa, ya sa hula, ya yi wa maigida sallama da ladabi. Na ji kofaton dokinsa har ya ɓace.

Na duƙa ina kwashe alluna, raina na tafasa, ina shirya zagin da zan shiga da shi. Sai na ga yatsuna sun yi fari ta ƙasa. Na kifa allo ɗaya. Akwai rubutu a bayansa, katakon gefe ya hana ƙasa goge shi. A karkace, harafi ɗaya a juye, amma ana karantawa. Na kifa wani, wani hannun ne daban. Na kifa duka, sha takwas kowanne da hannun mai shi. Kowace ta rubuta nata da fari, ta duba ta ga bai yi kyau ba, ta kife ta miƙa wa mai kyakkyawan hannu. Na Inna na nan, yana hawa yana gangara, babu harafi ɗaya da ya ɓace.

Na zuba su a ƙwarya na ɗora a kai, na bi rana har bariki ba takalmi. Tafinta na samu a bakin ƙofa. Ya duba, ya girgiza kai, ya ce, "Malama, yanzu ai kowa zai iya rubutawa a hanya." Ya shiga da allo biyu wurin Baturen, ya fito da su ya mayar mini. Daga wannan shekarar ba a sake aiko mana da ko sabulu ɗaya ba.

Da na koma, la'asar ta yi, matan ba su watse ba. Suna zaune yadda na bar su, ba mai duban idona. Zagin da na shirya ya bi ruwa. Na durƙusa gaban Inna na ajiye mata allonta, bayan a sama. Na ce, "Inna, daidai ne. Duka daidai ne. Don mi ba ki turo shi haka ba? Don mi na kira ki kinka ƙi?"

Ta dubi allon, ta dube ni. Ba fushi a fuskarta, da ma fushin ne da ya fi mini sauƙi.

Ta ce, "Ke kic ce kada a kunyata ki, Malama. Mun ji maganarki."