Fuskar Inna

Ƙit. Wannan ɗan ƙaran da na'urar kallo ke yi idan ta haɗiye faifai, shi ne mafarin komai. Ina kicin ina tsane shinkafa na jiyo shi daga falo, a gidanmu na haya da ke Germantown, a nan ƙasar waje. Maƙwabciyata ce ta saka faifan, wata nas 'yar Jos da ta dawo daga ganin gida a makon.

"Hajiya, bar shinkafar nan ki zo," in ji ta. "Littafin nan naki da kika hana mu sakat da labarinsa, ga shi sun mai da shi fim. A tasha na gan shi, na ce sai na kawo wa matar nan."

"Allah ya saka da alheri, Sista. Ke dai ba kya dawowa hannu rabbana."

"Ki bari sai kin kalla tukuna. In bai yi daɗi ba, ba ni na shirya ba."

Littafin ɗan ƙarami ne, bangonsa ya koɗe. Labarin wata tsohuwa ne mai tuyar ƙuli-ƙuli, da ɗanta direba da ya tafi kudu ya daina aike. Ina sakandare na same shi. Inna, mahaifiyata, ba ta yi boko ba, don haka ni nake karanta mata bayan la'asar tana ɓarar gyaɗa. Duk inda tsohuwar ta yi magana sai Inna ta dakata ta ce, "Wai mai littafin nan ta san ni ne? Maimaita min wurin."

Marubuciyar ba ta faɗi kamannin tsohuwar ba ko sau ɗaya. Ba ta ce fara ce ko baƙa ba, doguwa ko gajera. Ta bar wurin fuska a buɗe, ni kuwa na sa ta Inna.

Inna ba ta yarda da hoto ba. Ko ranar bikina, da mai hoto ya shigo tsakar gida, mayafi ta ja ta faɗa ɗaki. Hoto ɗaya take ciki, shi ma hannunta ne kawai, riƙe da kwano a gefen wata baƙuwa. Ta rasu ina nan, takardun zamana a ƙasar ba su fito ba balle in je gida, kafin gari ya waye mana har an kai ta makwancinta. Tun daga ranar littafin ya zama shi ne hotonta a wurina. In na buɗe na karanta shafi guda, sai ga Inna: wushiryarta, tsagar gefen bakinta, da yadda take ƙanƙance ido ɗaya in tana ɗanɗana gishirin miya.

'Yata a lokacin ta shiga firamare. Tana jin Hausa, amma da Turanci take amsawa, ko da kuwa faɗa nake mata. Na sha zaunar da ita in karanta mata littafin. Kafin in gama shafi na biyu ta zame ƙasan tebur tana tambayar ina hotunan suke.

Muka zauna mu uku muka kalli fim ɗin. Ba zan ci amanar matar da ta fito a tsohuwar ba, ta iya wasa. Sai dai fara ce mai jiki, da haƙorin Makka, tana tuya cikin sabuwar atamfa ko ɗigon mai babu. A littafi, kullum tsohuwar takan ware ƙuli na farko ta ajiye wa ɗanta a wani kwano, har kwanon ya cika, ta rasa wanda za ta ba. Wurin nan ne yake sa Inna yin shiru. A fim sun cire shi, suka sa ɗan da budurwarsa suna waƙa a cikin lambu. Sista ta yi dariya har da riƙe ciki.

Amma 'yata ba ta motsa ba. Da tsohuwar ta kori akuya daga bakin murhu, sai na ji yarinyar ta maimaita a hankali, "Tafi can, marar kunya." Da Hausa, daga bakinta. Daɗi ya rufe ni, na jawo ta jikina na ce, "Kin ga tsohuwar nan? Kakarki ke nan sak."

Hali nake nufi, ba kama ba. Ban tsaya na bambanta mata ba.

Daga nan kullum ta sauko daga motar makaranta sai ƙit, faifai ya shiga. Ina wanke-wanke ina jin muryar matar, ina guga ina ganin fuskarta. Hausar yarinya kuwa ta fara tsiro. Ta ce wa babanta sannu da zuwa ranar da ya dawo daga tashar jirgin ƙasa, ya tsaya da jaka a hannu yana kallonta. Ta gaida kawunnanta a waya ba tare da na sa mata kalma a baki ba.

Wata rana na idar da azahar, na ɗaga hannu ina roƙa wa Inna gafara kamar kullum. Fuskar da ta zo min tana da haƙorin Makka. Na yi a'uziyya na sake rufe ido, ita ce dai. Na tashi na ɗauko littafin na buɗe wurin kwanon ƙuli, wurin da ma babu shi a fim. Matar nan ce ta ɗauki kwanon, da sabuwar atamfarta, da muryarta.

Na zare faifan na ɓoye a cikin zannuwana.

Yarinya ta nema ta gaji, ta yi kuka, sannan ta koma Turancinta, ko sannu ta daina cewa. Inna kuma ba ta dawo ba. Na kira yayata a gida.

"Yaya, tsagar Inna, ta wane gefe ta fi tsawo?"

"Ke, wace irin tambaya ce wannan? Ta dama mana. Ko ta hagu? Tsaya in tambayi Yaya Babba."

Shi kuma ya ce daidai suke. Suka kama musu a tsakaninsu, ni ina riƙe da waya. Sun ba ni kalmomi da yawa, fuska ce dai babu.

Maigida ya ga na rame, na gaya masa. Ya ce, "Addu'a ba ta buƙatar hoto. Allah ya san wadda kike nufi."

"Na sani, Malam. Ni ce ban ganinta."

Ya nuna ɗakin yarinyar da haɓa. "To wannan fa? Wadda ta tafi ta riga ta tafi. Wannan ita ce a hannunki."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi zafi. Washegari na mai da faifan inda yake.

Littafi yakan bar maka wuri ka zuba naka. Fim shi yake zuba nasa, kuma abin da ido ya gani ba ya komawa baya. Ban riƙe kowa a zuciya ba. Matar nan sana'arta ta yi, Sista kuma alheri ta nufa. Har yau ina da littafin, amma na daina buɗewa, don na san wadda zan tarar a ciki. Abin da ya rage min na Inna shi ne hannun nan da kwano.

Ranar da na buɗe littafin na ƙarshe, ina zaune a kan sallaya bayan la'asar, lokacin da nake karanta wa Inna a da. Na karanta a bayyane, a hankali, ko sautin zai jawo ta. Ban san hawaye na zuba ba sai da shafin ya jiƙe. Yarinyar ta shigo da jakarta a baya, ta tsaya tana kallona. Ta zo ta share min fuska da hannun rigarta, ta yi min magana mafi tsawo da ta taɓa yi da Hausa, ba tuntuɓe ko ɗaya.

"Momi, daina kuka. Kewar Kaka kike yi? Bari in kunna miki ita ki gan ta."