Ranar Da Na Kai Wa Shugabata Kunun Gyaɗa

Wata uku aka ba ni na koyon aiki a wani ofishi da ke kudu maso yammacin Washington, kuma mace ɗaya ce za ta ce a riƙe ni ko a sallame ni: shugabata, wata doguwar Baturiya mai rowar magana. Kullum da safe sai na je na gaishe ta, ina kwana, ya gajiya, ita kuwa ta ɗaga mini yatsa ɗaya ba ta ko ɗago kai ba. Wa'adina ya kusa cika, ban san matsayina a wurinta ba, abin yana damuna ƙwarai.

Wata Talata ta aiko saƙo cewa ba ta da lafiya, ba za ta shigo ba. Na dubi abokan aikina, babu wanda ya ce ko Allah ya sawwaƙe. Ɗaya ma cewa ya yi, madalla, yau ba taro. Kai, raina ya ɓaci! Mace ba miji ba ɗa, tana kwance ita kaɗai, ku kuna murna? Na ce a raina, yau za ku ga tarbiyya.

Na san gidanta, don ta taɓa tara mu cin abinci a can. Ana tashi na koma Annandale, gidan ƙanwar babata inda nake zaune, na dama kunun gyaɗa na cika fulas, na sayi lemo da ayaba. Maƙwabcinmu, wani dattijo ɗan Maraɗi mai tuƙa tasi, ya ce shi zai kai ni.

"Ɗiyata, kin yi daidai," in ji shi. "Waɗanga mutane, sai maƙwabci ya mutu ya ruɓe ba su sani ba."

Ban buga waya ba. Wa ke neman izinin zuwa dubiya?

Muna isa muka tarar da mara lafiya a ƙofar gida, da gajeren wando da baƙin tabarau, tana wanke mota, kiɗa na tashi, har da rausaya. Innalillahi! Na ce, "Baba, mu juya." Ina! Ta riga ta gan mu, shi kuma ya riga ya fito yana gyara hula. Ya tsaya gabanta ya ɗaga hannuwa, ya shiga jero addu'ar samun sauƙi da Hausa, ruwan kumfa na malala a kan takalmansa. Da ya shafa, ya ƙare mata kallo, ya juyo gare ni.

"Lalle jiki ya yi sauƙi."

Ni kam ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na kama shugabata da ƙarya, har na zo da shaida. Shi ke nan, aiki ya tafi. Nan take na fara shirya abin da zan gaya wa babata a Kano.

Ta kashe famfo, fuskarta ta yi jawur. Ta tambaye ni ko ofis ne suka turo ni in gano musu. Na rantse mata babu wanda ya sani. Na ce haka muke yi a gida, in mutum ya kwanta sai a je a gan shi. Na miƙa mata fulas.

Ta zauna a dandamali, ta tsiyaya a murfin, ta kurɓa. Can ta ce gaskiya lafiyarta ƙalau, gajiya ce kawai ta ishe ta. Amma bara da aka yi mata tiyata ta yi makonni kwance a gidan nan, babu wanda ya ƙwanƙwasa ƙofar sai mai kawo saƙo. Tausayinta ya kama ni har na manta da tsoron da nake ji.

Washegari ta kira ni ofishinta, ta rufe ƙofa. Ta ce an ƙara mini wa'adi, in ci gaba da zuwa. Na yi godiya, na juya zan fita, sai ta tsayar da ni. Idonta na kan tebur ta ce ƙarshen wata za ta koma asibiti, kuma likita ya ce ba za su sallame ta ba sai da wanda zai kai ta gida.

"Kina nan ranar?"