Gangar da Isufu ya bar mini a Lyon

Shekara shida ke nan da muka binne ƙanena Isufu. Ban yi karatun lakwal mai nisa ba, haka zan faɗi labarin yadda ya zo mini.

Ni ɗan kasuwa ne a unguwar Belleville, nesa da Lyon, igiya da buhun sizal nake kawowa. Sizal shuka ce mai kama da moda, ana cire zaren ganyenta a watsar da tukar cikin rafi, ta ruɓe ta kashe kifi. Isufu yana karatu a Lyon, kuma wannan tukar ita ce karatunsa. Cikin kayana ake sako masa ita busasshiya daga Tanzaniya. Wani ma'aikacin duwan, wato kwastan, ya taɓa kwance buhun, ya shinshina, ya dube ni kamar mahaukaci. Ban ga laifinsa ba.

A rumfar bayan makarantarsu Isufu ya ajiye gangar ƙarfe. Ya jiƙa tuka, ya haɗa da kashin shanu, ya rufe. Gas ya fito ta tiyo, ya yi girki da shi, lakar da ta kwanta ta zama taki. Amma abin sai an ciyar da shi kullum, in kuma ya yi sanyi ya mutu, aikin shekaru ya tafi.

Da ciwo ya kwantar da shi asibiti, lokacin sanyi ne. Na hau jirgin ƙasa na je.

"Yaya, ganga."

"Kai, kana kwance kana zancen shara? Ni na yi maka kama da mai kiwon ganga?"

"Ta fi akuyoyin Inna hankali, ba ta shiga gonar mutane. Guga ɗaya da safe, ka lulluɓe ta."

Na rufe kantina na zauna Lyon. Da safe wari, da rana asibiti. Bai tashi ba.

Yau mutanenmu da ke zuwa daga Maraɗi suna cewa mata sai sun wuni a daji kafin su haɗa itacen tuwo. Da yana nan, na san ba tsaki zai yi irin nawa ba, tambaya zai yi ina karan gero, ina kashin shanu, wa ke da tsohuwar ganga. Ni na gaji da duniya tun tuni. Shi bai samu lokacin gajiya ba.

Bayan jana'iza abokin karatunsa Juma, mutumin Tanzaniya, ya ce zai ƙarasa aikin in gangar ba ta mutu ba. Muka je. Ya buɗe tiyo, ya kyasta ashana. Wuta ta kama, shuɗiya.

Na ji Juma ya koma ƙasarsu da aikin. Ko an rubuta sunan Isufu a wani wuri, ban sani ba, ban kuma iya binciken ba. Ni dai da rai ya ba ni gangar, da rai na miƙa ta. Allah ya jiƙan ka, Isufu.