Tebur Na Uku Daga Taga

Shekara goma sha tara Malam Zo-Ka-Same-Ni ya yi yana rubuta littafin bayani a kamfaninmu, kuma ban taɓa ganin wanda ya karanta shi ya ƙaru ba. Manhajar ajiye bayanan majiyyata muke yi wa ƙananan asibitoci, shi kuma aikinsa ya rubuta yadda ake amfani da ita. Sai ya kai ka har bakin ƙofa ya ɓoye mukulli. Ga mataki na ɗaya, ga na biyu, ga na huɗu. Na ukun yana cikin kansa. A ƙasan kowane shafi kuwa ga layinsa: "In an maƙale a zo a same ni, tebur na uku daga taga." Nan ya samo sunan.

A matsayin mai buga takardu ya shigo kamfanin, kuma tun da wuri ya gane cewa wanda ba a iya komai sai da shi ba a sallamarsa. Ya ajiye wata guntuwar kujera a gefen teburinsa, don mai tambaya ya riƙa ɗaga kai yana kallonsa. Shekara tara ina zama a kanta. Sai ka gaishe shi, ka tambayi ciwon gwiwa, ka sha labarin yadda ya ceci kamfanin a wata shekara, sannan ya cire tabarau ya ce, "Ai ba wuya, ƙanwata. Lambar reshe ake fara sawa kafin ta majiyyaci." Layi ɗaya tak, amma ya gagari alƙalaminsa! Ko a gida haka yake. Matarsa ta sha kiransa da tsakar rana ruwa ya ƙare, don shi kaɗai ya san wayar wutar da ake taɓawa injin jan ruwa ya tashi. Yana ajiye waya yana murmushi kamar an yi masa ƙarin girma.

Bana asibitocin suka fara aiki da manhaja mai ƙirƙirarriyar basira, irin wadda ake aika ta yi aiki da kanta. Mu a ofis Ɗan Aike muke ce mata. Ɗan Aike ba ya taɓa komai sai abin da ya karanta a rubuce. Shugabar sashenmu ta ɗora min gwajin: in ba shi littafin Malam da ayyuka arba'in, in ga nawa zai iya. Ta kuma faɗa a gaban kowa cewa in bai kai talatin da biyar ba, wani za a ba rubutun, Malam ya tattara ya tafi gida. Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Huɗu ya iya. A sauran talatin da shida rahoto ɗaya ya yi ta kawowa: "Littafin ya ce a je tebur na uku daga taga. Ba ni da hanyar zuwa wurin."

Da na karanta wannan a ɗakin taro, har mai gyaran kwamfutocinmu sai da ya kifa kai a tebur don dariya.

Malam ya ce, "Abin naku ne ba shi da kai. Mutum nawa suka yi aiki da littafin nan?"

Na ce, "Da littafin, Malam, ko da kai?"

Ya yi kamar bai ji ba, ya juya wurin shugaba. "Ranki ya daɗe, ba za a haɗa shi da wayata ba, in ya maƙale ya kira ni?"

Mako biyu ta ba shi ya gyara.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ashe mutumin nan ya iya rubutu. Ya zauna ya zazzage duk abin da ya ɓoye: wace lamba ake fara sawa, yadda ake rubuta kwanan wata, abin da za a yi in fayil biyu suka zo da suna ɗaya, har da misalai. Tsaf, babu kwana-kwana. Wato da gangan ya yi ta zaunar da mu a kujerar nan muna tambayar lafiyar gwiwarsa. Na sake gwaji, Ɗan Aike ya ci arba'in cif. Shugaba ta yaba masa, aikinsa ya tsira.

Tun daga ranar babu wanda ya sake zuwa tebur na uku. Me za a je yi? Sababbin ma'aikata ma littafin suke buɗewa. Mai shara ta ga kujerar ba ta da amfani, ta ja ta ta ɗora mata tukunyar fure a bakin ƙofa. Malam yana zuwa ƙarfe takwas, ya goge tabarau, ya gyara zama, ya yini yana ɗaga kai duk sanda ya ji takun mutum.

Jiya ina wucewa ya tsayar da ni, murya ƙasa-ƙasa.

"Ƙanwata, wannan Ɗan Aiken naku, bai ce yana da wata tambaya ba?"

Shekara tara ina tanadin maganar da zan yaɓa masa a irin wannan rana, sai ga shi na kasa, kuma na ji haushin kaina. Na buɗe rahoton na duba har ƙasa.

"Babu, Malam. Komai ya gane."

Ya ce, "To, madalla." Ya mayar da tabarau, ya ci gaba da kallon ƙofa.