Mai Zanen Gida Marar Murhu

Daga bana babu talakan da zai ƙara kwana a waje a Wagadugu. Haka mai zanen gidaje yake faɗa a harabar ofishin magajin gari, mutanen unguwar da za a rushe suna tafi, domin an ce a tafa.

Poko Nikiema, mai sana'ar daddawa, tana zaune a gaba tana ƙare masa kallo. Dogo ne, da rigar saƙi wadda ba ta san wanki ba tukuna, da hular magina fara tas. Tafin hannunsa sumul. Poko ta tabbata bai taɓa hura wuta ba, sai dai a kawo masa tuwo a rufe. Yana shafa ɗan samfurin gida na kwali kamar mai lallashin jariri, yana bayani: bango mai kauri, iska ta shiga nan ta fita can, ba fanka, ba itace, ba hayaƙi. Hasken rana ne zai yi girki.

"Ɗana," in ji Poko, "ina zan kafa murhu? Kalwa kwana take a kan wuta, da ita nake ciyar da jikoki."

Yana murmushi irin na likita. "Iya, ai murhun muka zo raba ki da shi."

"To ranar taku tana aikin dare ne?"

Ana dariya, shi yana duba agogo, yana cewa za a yi nazari.

Jibi katafila za ta shiga rushe unguwar. Ba a haƙa harsashin sabon gida ko ɗaya ba.