Na-Sito da Baƙon Cikin Kwamfuta

Duk layin babu mai kiransa da sunansa na yanka. Na-Sito kowa yake cewa, daga mai gyaran babur na bakin titi har yaran da aka haifa bayan ya bar aiki. Ya riƙe siton wani kamfanin kayan gini tun gashinsa yana baƙi wuluk har ya yi fari fat, kuma a tsawon zaman nan ko ƙusa ɗaya ba ta fita ba sai da saninsa. Kar wani ya ɗauka marowaci ne. Wallahi ka roƙe shi aron guduma, zai ba ka har ya haɗa maka da ƙusoshi. Amma ka ce ya ba ka makulli ka je ka ɗauko da kanka? Ina! Sai dai ya tashi, ko da gwiwa na ciwo, ya buɗe, ya miƙo maka, ya mayar da kwado ya jijjiga shi ya ji ya kama.

Da ya yi ritaya sai ya kwaso halin kacokan ya dawo da shi gida. Kabad ɗin kayan aiki da kwado, akwatin takardu da kwado, ɗan ɗakin da ke jikin kicin shi ma da nasa. Matarsa, wadda yake kira Tsohuwa tun tana da ƙuruciyarta don tsokana, ta daɗe da daina yi masa musu. In tana son filaya ko sabon ƙwan fitila sai ta leƙo ta ce, "Malam, an zo karɓar kaya," shi kuma ya taso yana murmushi yana lalubar aljihu. Babu abin da yake yi masa daɗi a duniya kamar a buƙace shi.

Zamansu lafiya lau, ba yabo ba fallasa. Da safe ya sha shayi a kan benci a ƙofar gida, ya yi musun labaran rediyo da mai gyaran babur, ya shiga ɗan ɗakinsa ya zauna gaban kwamfutar da Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ta bar masa lokacin da aka ba ta sabuwa a wurin aiki. Da farko kallon tsoro yake yi wa abin. Ranar da ya gane cewa ita ma ɗakuna ne da ita, folda cikin folda, kuma kowace ana iya cewa wane ya shiga wane kar ya shiga, ai shi ke nan, an sosa masa inda ke ƙaiƙayi. Ya jera hotuna wuri ɗaya, takardun gida wuri ɗaya, ya bi kowace folda ya kulle, ita kanta na'urar ya sa mata kalmar sirrin da ba ta tashi sai da ita.

Abu ɗaya ne yake ci masa rai. Auta tana da 'ya, 'yar siririya mai surutu, suna ce mata Tsuntsuwa saboda yadda take tsattsagar abinci kamar tsuntsu. Yarinyar tana da ciwon sikila. In ciwon ya tashi aka kwantar da ita, Na-Sito tsayawa yake yi a barandar asibiti, hannuwa a baya, yana jin kukanta ta taga. Mutumin da ya saba a ce masa kawo kaza ya buɗe ya kawo, ga shi nan babu abin da zai buɗe. Wannan tsayuwar ta fi komai yi masa ciwo.

Wata rana Auta ta zo, ta ja kujera kusa da shi. Ita aikinta ke nan, kula da kwamfutocin wani ofis.

"Baba, akwai abin da wannan tsohuwar kwamfutar taka za ta iya yi maimakon zaman banza," in ji ta. "Wasu masu bincike ne suke neman magungunan cututtukan jini. Lissafin ya fi ƙarfin injinansu, sai suka yayyanka shi ƙanana suna raba wa duk mai so. Kwamfutarka ta karɓi nata, ta yi shi lokacin da ba ka amfani da ita, ta mayar musu. Sa kai ne kawai."

"Har da ciwon Tsuntsuwa?"

"Ban ce gobe za a samu magani ba fa, Baba. Ƙila ma ba a zamaninmu ba. Amma dai an sa hannu."

Bai bari ta ƙarasa ba ya ce, "Sa mata."

Ta sa manhajar, ta nuna masa wurin da adadin aikin da ya kammala zai riƙa fitowa, ta yi sallama ta tafi. Ranar Na-Sito har waƙa ya yi ƙasa-ƙasa yana goge teburi, Tsohuwa tana jinsa daga kicin tana dariya.

To, ga inda hali ya yi halinsa. Washegari ya zauna zagayen dubawa, yadda ya saba zagaya sito kafin a buɗe wa jama'a. Yana buɗe jerin masu asusu a kwamfutar sai ya ga suna na uku. Ga nasa, ga na Auta, ga kuma wani baƙon suna da bai yi kama da na kowa a gidan ba. Ka ji ɓarawo da rana tsaka! Bai goge sunan ba, don mai sito ba ya zubar da abin da bai san asalinsa ba. Amma ya bi shi lungu-lungu ya ƙwace duk wani izini da yake da shi, har a sabuwar foldar da ta bayyana jiya. Ya tashi yana jin kansa gwarzo, ya je ya sha shayinsa.

Sai adadin ya tsaya a sifili. Yau sifili, gobe sifili, sati ya zagayo sifili. Na-Sito ya hure ƙurar na'urar, ya matsar da teburi kusa da taga don ta sha iska, ya daina ko kallon hotuna don kar ya dame ta. Ya kai ƙara wurin mai gyaran babur, shi kuwa bawan Allah ko ɗago kai bai yi ba ya ce ƙila filogi ne, don shi a wurinsa duk abin da ya ƙi tashi a duniya filogi ne. Auta in ta bugo waya ta tambaya, sai ya ce, "Ana nan ana yi," ya sako wata maganar. Girman kai ne, ba wani abu ba.

Cikin kwanakin nan ciwon Tsuntsuwa ya sake tashi. Aka kwantar da ita, aka sallamo ta. Da ya dawo daga asibiti ya shiga ɗan ɗakin ya ga sifilin nan yana kallonsa, sai ya ji ƙwalla. Abu ɗaya tak aka ce zai iya yi wa yarinyar, shi ma ya gagare shi.

Da Tsuntsuwa ta murmure Auta ta kawo ta gaisuwa. Yarinyar ta zauna a falo tana cika kakarta da labari, shi kuma ya ja Auta gefe, ya yi ƙasa da murya.

"Na'urar nan ta tsufa. Ko ɗaya ba ta yi ba."

Auta ta zauna, ta buɗe wurin da manhajar take rubuta saƙonninta, wurin da shi bai taɓa leƙawa ba. Jan rubutu ne reras daga sama har ƙasa, duk magana ɗaya: an hana izini. Ta duba jerin asusu, ta duba foldar, ta juyo a hankali.

"Baba, wa ya taɓa nan?"

"Ni mana. Baƙo na gani ya shigo ba sallama."

Ai sai ta kifa kai a teburi tana dariya har da hawaye. Na-Sito ya sha mur, ya tsaya ƙiƙam yana jira ta gama.

"Baba, leburanka ne fa! Manhajar ce take buɗe wa kanta asusu daban, don kar ta riƙa aiki da sunanka ta taɓa maka kaya. Kullum sai ta je ta ɗauko aikin, ta zo saukewa ta tarar ka kulle mata ɗaki. Ina za ta ajiye?"

Kunya ta rufe shi, ya rasa inda zai sa idonsa. Ashe duk kwanakin nan da yake hura ƙura, shi ne ya tsaya a bakin ƙofa. Amma ka san mutum da halinsa, ko a haka sai da ya ja da baya.

"Yanzu wanda ban taɓa ganin idonsa ba zan ba shi dama ya rubuta, ya goge, a cikin kayana?"

"A foldarsa kaɗai. Ko hoto ɗaya naka ba zai gani ba."

"Nuna mini."

Ta gwada buɗe foldar takardun gida da sunan baƙon, na'urar ta ƙi. Ta gwada ta hotuna, ta ƙi. Sai a nan fuskarsa ta saki. Ya ce ta tashi, shi ya kulle shi zai buɗe. Ya gyara tabarau, ya nemo sunan, ya danna izinin karantawa, ya danna na rubutawa, ya ɗan yi jim kafin na gogewa, sannan ya danna. Auta ta sake tayar da manhajar. Can sai fankar na'urar ta ɗauki ƙara, wani ɗan layi kore ya fara tafiya a allo kamar tururuwa. Washegari sifili ya zama ɗaya, kuma kafin rana ta yi zafi babu wanda bai ji labari ba a layin. Mai gyaran babur ya ce ai dama ya faɗa, wani abu ne ya toshe.

Haka aka ci gaba, adadi yana hawa, Na-Sito yana ƙiba don daɗi. Sai likita ya sa ranar cire masa yanar ido, ya ce bayan aikin ba kallon allo, ba sunkuyo, sai ya ba da izini. Na-Sito bai damu da wuƙa ba. Damuwarsa wuta: a unguwar ana yawan ɗaukewa, kuma in an dawo da ita na'urar ba ta tashi sai an sa kalmar sirri. Aikin da aka karɓa kuwa yana da wa'adi, in ya wuce sai a ba wani. Auta ba za ta ratso gari duk lokacin da aka ɗauke wuta ba.

"A buɗe wa Mama asusu," in ji Auta. "In sa ta cikin masu ikon tayar da manhajar, shi ke nan."

"Tsohuwa? Ita da ko lambar waya sai an danna mata?"

Tsohuwa tana tsaye a bakin ƙofa da tsumma a hannu. Kallonsa kawai ta yi. Na-Sito ya dubi allon, ya dubi ɗan layin kore. Ya yi ajiyar zuciya, ya zaro makullin ɗakin daga cikin 'yan uwansa, da ƙyar, don zoben makullan ya daɗe bai buɗu ba, ya miƙa mata. Auta ta buɗe asusun ta ce Mama ta zaɓi kalmar sirri. Na-Sito ya miƙo wuya zai gani, Tsohuwa ta kare da tafin hannu.

"Ai sirri aka ce, Malam."

Aka yi aikin ido lafiya. Wata rana da hantsi yana kwance a falo, ido ɗaya a rufe da bandeji, aka ɗauke wuta. Gidan ya yi tsit. Da aka dawo da ita ya yunƙura zai tashi, Tsohuwa ta daka masa tsawa daga kicin ya koma. Ya kwanta ya kasa kunne. Ya ji takunta, ya ji kwado ya buɗu, ya ji kujera. Ya ji tana dannawa da yatsa ɗaya, ɗaya bayan ɗaya. Na'urar ta yi ƙarar ƙin yarda, ta yi tsaki. Ta sake, a hankali. Sai fanka ta ɗauka.

Ta fito da kwalbar maganin ido ta zauna a gefensa.

"Ayyuka biyu sun tafi tun safe, na ukun ya kusa rabi. Jiya wani ya maƙale, na tsayar da shi na sake tayarwa yadda Auta ta nuna mini."

Ya dube ta da mamaki. Daɗi ya kama shi, ya ga ya kamata ya yi godiya.

"Sannu, Tsohuwa. Kin taimake ni."

"Na taimake ka?" Ta ajiye kwalbar a cinya. "Kai kaɗai ne kakanta? In ciwon nan ya tashi, ni nake riƙe mata ƙafafu tana ce mini Kaka ki cire mini, ni kuwa ba ni da abin cirewa. Tun ranar da aka sa abin nan nake jin ƙararsa ta bango ina cewa da ma a bar ni ko gogewa in yi."

Na-Sito ya kawar da kai. Bai taɓa tambayarta ba, ko sau ɗaya, kuma yanzu ne ya gane haka. Idon mai lafiyar ya cika da ruwa.

"Ɗaga kai," in ji ta. "Ba wannan idon aka ce a jiƙa ba."

Ya ɗaga, ta ɗiga masa maganin.