Malam Sabi'u da Ranar da Babbar Kwamfuta Ta Ƙi Tashi

Ranar Talata da safe, ina cikin keke a hanyar ofis, Malam Bala direbanmu ya kira ni. Bai tsaya gaisuwa ba. Ya ce, "Hadiza, Allah ya yi wa Oga Sabi'u rasuwa. Ya dawo daga sallar asuba ya ce ƙirjinsa na ciwo, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Jana'iza ƙarfe sha ɗaya a Kinkinau." Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na tsayar da mai keke na sauka. Na yi ta tafiya a ƙasa har na kusa Doka, inda ofishinmu yake, kafin na tuna ba ofis ya kamata in nufa ba.

Yau kwana tara ke nan, kuma ban sami natsuwa ba. In na zauna a kujerata sai in miƙe, in leƙa ɗakin na'urori, in dawo, in buɗe aiki in rufe. Shi ya sa na ɗauki biro.

Malam Sabi'u Ladan shi ne shugaban sashen kwamfuta a ofishinmu, inda ake adana takardun filaye da gidaje. Shekara shida na yi a ƙarƙashinsa. Siriri ne, mai saurin tafiya, ba ya iya zama. A tsaye yake karanta takarda, yana zagaye tebur yake ba da umarni, shayinsa kullum a kan taga yake hucewa. Abin mamaki, sai ranar da abu ya lalace kowa ya rikice, ranar ce kaɗai za ka ga ya ja kujera ya zauna.

Na ga haka da idona a shekarata ta biyu. Wata Laraba da safe ya tafi taro, ni kuma na ce bari in sabunta kanel na babbar kwamfutar da duk bayananmu ke ciki. Kanel shi ne ginshiƙin manhajar da ke tafiyar da na'ura, in bai tashi ba babu abin da zai tashi. Ana cikin sabuntawa sai wani gargaɗi ya fito cewa wuri ya cika. Ban karanta shi har ƙarshe ba. Na goge tsohon kanel don in samar da wuri, na kashe na'ura na kunna. Sai baƙin allo da 'yan layukan Turanci. Na sake kunnawa, haka. Na sake, haka. Hanyar komawa baya kuma ni da hannuna na goge ta.

A benci a waje akwai wata dattijuwa daga Mando, Gwaggo Asabe, wadda mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu da gida ɗaya. Wani maƙwabci ya kai ta kotu yana cewa rabin gidan a filinsa yake. Ƙarfe biyu za a zauna, kuma an ce ta zo da kwafin takardar gidan mai hatimin ofishinmu. Takardar tana cikin na'urar da na kashe.

Da Malam Sabi'u ya shigo ya same ni a gaban baƙin allon. Bai tambayi wa ya yi ba. Ya ja kujera ya ce, "Me kika taɓa a ƙarshe?" Na faɗa masa duka. Ya gyaɗa kai ya nuna allon. "To karanta mini abin da ta rubuta. A hankali. Na'ura ba ta ɓoye ciwonta, mu ne ba ma tsayawa mu saurara." Na karanta. Cewa take ba ta ga faifan ajiyar bayanai da za ta tashi daga kansa ba.

Nan Darakta ya faɗo ɗakin ransa a ɓace. "Sabi'u, mutane sun cika waje! A goge komai a sake sawa mana."

"Ranka ya daɗe, in aka goge, aikin da aka shigar tun farkon wata ya tafi, don kwafin ajiyarmu bai kai nan ba. A ba ni awa biyu."

"Wa ya yi wannan ɓarnar?"

"Sashena ne, ranka ya daɗe. Ni zan amsa."

Ya sa filashi, ɗan ƙaramin ma'ajin bayanai da ake jona wa kwamfuta, ya tayar da na'urar daga kansa. Kafin ya gyara komai sai da ya kwafe bayanan duka zuwa wani faifai, abin da ya ci kusan awa guda. Ni ina ta kallon agogo, ina leƙen Gwaggo Asabe tana jan carbi. Shi ko motsi bai yi ba. Daga nan ya buɗe rajistar da na'ura ke rubuta abin da ya faru da ita, ya bi layi-layi da yatsa har ya tsaya. Ashe akwai wani ƙaramin fayil da kanel ke buƙata don ya gane faifai lokacin tashi, kuma da wuri ya cika rabinsa kawai aka rubuta. Ya miƙo mini kibod. "Ke za ki sake gina shi. Ni zan faɗa, ke ki buga." Na buga, muka kunna, layuka suka fara gudu. Ƙarfe ɗaya da kwata takardar ta fito. Shi da kansa ya kai aka buga hatimi, ya roƙi Malam Bala ya kai dattijuwar kotu. Bayan wasu watanni ta aiko mana cewa an bar mata gidanta.

Da yamma abin da ya ce mini bai fi jimla biyu ba. "Kada ki ƙara goge tsohon sai sabon ya kwana bakwai yana aiki. Kuma wata mai zuwa ke za ki sake sabuntawa, in kika gudu yanzu kin gudu har abada." An ba shi takardar gargaɗi a kan wannan rana. Ya sa hannu ya karɓa, bai taɓa ambata mini ita ba. A bakin sakatariya na ji.

Halinsa ke nan a ƙananan abubuwa ma. Masu shara sukan kawo masa wayoyinsu ya gyara yana tsaye a baranda. In sabon ma'aikaci ya yi tambayar da ta ba mutane dariya, sai ya ce, "Ni ma ban sani ba sai da na tambaya." Yana da faɗa, musamman in ka ce ka gwada komai alhali ba ka karanta komai ba, amma faɗan ba ya kwana.

Ranar sadakar uku na zauna da maiɗakinsa, Hajiya Maryam. Ta ce, "Ke ce Hadiza? Ya ce in ya yi ritaya ke zai bar wa ɗakin na'urorin, hankalinsa kwance." Washegari na shiga wurin Darakta na gaya masa cewa ni na kashe na'urar a waccan Larabar, na roƙi a cire takardar gargaɗin daga fayil ɗin marigayi. Ya ce zai cire. Shekara huɗu ina da damar yin wannan magana Malam Sabi'u yana raye. Ban yi ba, kuma wannan ne ya fi hana ni zama.

Ya Allah, bawanka Sabi'u ya rufa asirin na ƙasa da shi, ka rufa masa asiri ranar da babu mai rufawa sai kai. Ka gafarta masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa, ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Ka bai wa Hajiya Maryam da 'ya'yansu haƙurin wannan rashi, ka raya su cikin albarka, ka haɗa su da masu tsaya musu kamar yadda mahaifinsu ya tsaya wa wasu. Mu da muka rage, idan tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.